Gaskiyar da Aka Baro a Kan Dutse

Inna Hawwa'u tana zaune a kan tabarma a tsakar gidanta da ke Kankia tana tsinkar zogale, babbar 'yarta Karima na taya ta. Adawiyya, matar autanta, tana bakin murhu tana tuƙa tuwon dawa. Sai ga autan, Sagir, ya fito daga ɗaki riƙe da waya yana murmushi shi kaɗai. Jiya ya iso daga Abuja, inda yake aiki a wani kamfanin haɗa wutar sola. Wata bakwai ke nan da aurensu, amma da za a tara kwanakin da suka yi tare ba za su cika arba'in ba. Shi ya sa wannan karon ya zo da niyyar tafiya da ita ta yi masa sati biyu.

"Yaya Karima, zo ki ga inda muke zuwa haikin ranar Asabar!"

"Haikin kuma? Mi ke nan?" in ji Inna, ba ta ko ɗago kai ba.

"Hawan dutse ne, Inna. Akwai wani dutse a bayan gari, hanya ta zagaye shi. Ka hau ta nan, ka sauko ta can, ka dawo daidai inda ka bar mota. Awa huɗu muke yi."

"Kuna neman mi a saman?"

"Ba komi. Motsa jiki ne kawai da kallo."

"Ba komi! Mutum da hankalinshi ya bar gida ya hau dutse don ba komi!"

Adawiyya ta goge hannu a zani ta leƙo hoton da ke cikin wayar. Ita 'yar Dudunni ce ta ƙasar Kusada, inda gona ke shimfiɗe har iyakar ganin ido, kuma ba ta taɓa wuce Kano ba. Ta ga koren dutse, ga ruwa na gangarowa ta jikinsa, ga birni can ƙasa. Ba ta san lokacin da maganar ta kubce mata ba.

"Kai! Wurin nan ya yi kyau. Da ma ni ce a nan!"

Karima ta kalle ta ta gefen ido. Inna kuwa ta ture farantin zogalen gefe.

"Auta, dube ni nan. Ubanku lahiya lau ya bar gidan nan da sahe, titin nan da kake gani ya cinye shi. Kai kaɗai ne namiji da ya rage mani. Ban yarda ka sake hawa dutsen nan ba, balle ka kai ɗiyar mutane. Ka ji ni?"

"Na ji, Inna."

"Jin kunne ko jin aiki?"

"Na ji, na kuma daina," ya faɗa yana dariya, ya durƙusa ya matsa mata ƙafa har sai da ta saki fuska.

Kwana biyar da isarsu Abuja, ranar Juma'a da la'asar, Sagir ya dawo daga aiki da leda a hannu. Ya zazzage ta a gaban Adawiyya. Takalmin kambas ne fari, sabo fil.

"Gwada mu gani. Gobe za mu haikin."

"Yaya, ka manta abin da Inna ta ce?"

"Inna tana Kankia, mu muna Abuja. Wa zai faɗa mata?"

"Allah yana gani ai. Kuma alkawari ka yi mata a gabana."

"Haba, Adawiyya! Tsoron tsofaffi ne kawai. Na hau dutsen nan ya fi sau goma. Filis, sau ɗaya tak, ki ga abin da ba ki taɓa gani ba."

Sau uku tana roƙonsa, na ƙarshe har da ƙwalla. Ya ɓata rai, ya ce in ba za ta je ba shi zai tafi ya bar ta a ɗaki. Ba ta son ya tafi shi kaɗai da fushi, kuma can ƙasan ranta, in za ta faɗi gaskiya, tana son ganin wurin. Ta gwada takalmin. Ya ɗan yi mata yawa.

Da sassafe suka isa gindin dutsen. Mutum wajen ashirin ne, maza da mata, kowa da jakarsa a baya da gorar ruwa. Kamilu, abokin aikin Sagir kuma jagoran tafiyar, ya tara su.

"Jama'a, jiya an yi ruwa, duwatsu da santsi. Akwai farin fenti a jikin duwatsu, shi ne hanyarmu tun daga nan har mu zagayo. Don Allah kada wanda ya ƙetare fenti, ko don selfi!"

Ƙarshen damina ne, ciyawa ta kai ƙugu, raɓa na jiƙa bakin hijabinta. Hanyar ta ratsa cikin bishiyoyi, ta bi gefen wani ɗan rafi, sannan ta miƙe sama. 'Yan matan birni na haki suna neman wurin zama, ita kuwa da ta saba kai abinci gona da ƙafa ko gezau. Sagir sai alfahari yake yi. "Kun ga 'yar Dudunni ko?" Ta rufe fuska tana dariya.

Da suka kai ƙololuwa, rabin hanya ke nan, sai ta tsaya cak. Ga Abuja kwance a ƙarƙashin ƙafarta, gidaje ƙanana kamar kwalin ashana, motoci na rarrafe a kan tituna, gajimare na wucewa kusa har tana jin sanyinsa a fuska. Ta yi ta tasbihi a hankali. Aka huta, aka sha ruwa, sannan Kamilu ya busa usur aka fara gangara ta ɗaya ɓangaren.

Sagir ya riƙo hannunta. "Bari su yi gaba. Kin ga wancan falalen? Daga can ake ganin garin duka. Zo ki ɗauke ni hoto."

Falalen yana bayan fentin, ya miƙa baki a kan rami, yana sheƙi saboda danshi.

"Yaya, an hana. Don girman Allah kada ka je!"

"Minti ɗaya."

"Na roƙe ka..."

Ya cusa mata wayar a hannu, ya tsallake. Ya kai bakin falalen, ya juyo ya buɗe hannuwa yana dariya. Dariyar ce abu na ƙarshe da ta gani. Ƙafarsa ta zame, ya kai hannu zai kama abin da babu, ya ɓace.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un! Yaya! Yaya Sagir!"

Ba ta taɓa iya tuna yadda ta sauka ba. Ta wata tsaga tsakanin duwatsu biyu ta zurara, fatar gwiwar hannunta na salewa. Ta same shi kwance rigingine a kan wani tudu, nisan da ya kai tsayin babbar kuka. Idonsa a buɗe, jini na bin kunnensa.

"Adawiyya... ba na jin ƙafafuna."

Ta duba wayar, babu sabis ko ɗigo. Ta ƙwala kira har muryarta ta dushe, dutse kawai ke maido mata. Ta jiƙa masa leɓe da ruwa, ta ce kada ya motsa, ta koma ta tsagar nan da jan ciki. Kambas ɗin na ta zamewa, ta cire ta wurgar. Da ƙafa tsirara ta bi farin fenti a guje, tsakuwa da ƙaya na yanka ta, tana faɗuwa tana tashi, har ta cim ma ayarin a bakin rafi can ƙasa. Da Kamilu ya ga sawun jini a bayanta, bai tsaya tambaya ba.

Sai bayan azahar maza takwas suka sauko da shi a kan wani katako.

A asibiti likita ya ce ƙashin baya ya tsage, ƙugu ya karye. Za a yi aiki, amma zancen tafiya, sai abin da Allah ya yi. A rana ta uku Karima ta iso daga Kankia da idanu jajur. Ko gaisuwar Adawiyya ba ta amsa ba, ta kira Inna ta buɗe lasifikar waya ta kara kusa da bakin ƙanenta.

Kukan tsohuwar ya cika ɗakin. "Auta! Auta, ban hana ka ba? Ba ka yi mani alkawari ba? Mi ya kai ka?"

Adawiyya tana tsaye da kofin shayi a hannu, ƙafafunta naɗe da bandeji. Sagir ya dube ta, ya kawar da kai wajen bango.

"Inna... ita ce ta ce tana son gani."

Shayin ya zubo mata a yatsu, ba ta ji zafinsa ba.

A baranda ta tari Karima ta faɗa mata yadda aka yi, tun daga takalmi har falalen dutse. Karima ta nuna ta da yatsa.

"Maƙaryaciya! Da kunnena na ji ki a gida kina cewa da ma ke ce a can. Kin kai shi kin nakasa, yanzu kuma za ki ɗora mashi? Yana kwance zai yi maki ƙarya?"

Da Karima ta fita sallar la'asar, Adawiyya ta durƙusa a gefen gadon. "Yaya, me na yi maka?"

Hawaye ya gangaro masa zuwa cikin kunne. "Ki yafe mani. Inna na da hawan jini. In ta ji da gangan na saɓa mata, ko ta faɗi ko ta yi mani baki, ni kuma kin ga halin da nake ciki. Bari in samu sauƙi, wallahi zan gyara."

Ta tashi ta gyara masa filo. Sati shida ta yi a asibitin nan, Karima kuwa kwana huɗu ta yi ta koma wajen 'ya'yanta. Adawiyya ke goge masa jiki, ita ke kwashe bahaya, ita ta koyi juya shi duk bayan awa biyu kamar yadda nas ta nuna mata. Kullum tana jiran ya ce a kira masa Inna. Bai ce ba.

Ranar da motar haya ta sauke su a ƙofar gida a Kankia, maƙwabta suka ɗauke shi a kan katifa. Adawiyya ta biyo baya da jakar magunguna. Inna ta tare ƙofar ɗaki da hannu.

"Ke tsaya nan. Abin da kika yi ya isa."

A ɗakin Inna aka kwantar da shi. Adawiyya ta koma tamkar baƙuwa a gidan aurenta. Ta dafa, a bar kwanon a rufe har ya huce. Ta yi gaisuwa, a kalli gefe. Mata masu zuwa dubiya in sun fito sai su rage murya, "Ita ce waccan?" Abin da ya fi ci mata rai shi ne nishinsa da take jiyowa ta jikin bango, ta san ya gaji da kwanciya a gefe ɗaya. Rannan ta kasa daurewa, ta durƙusa a bakin labule.

"Inna, don Allah, likita ya ce duk awa biyu a juya shi. In ba haka ba bayanshi zai yi gyambo."

"Likitan ne ya ce ki kai shi dutse?"

"Inna, ko ba ni ba, a bari in nuna wa Yaya Karima yadda..."

"Tashi ki ba ni wuri!"

Ta ɗan jira ko za ta ji muryarsa daga ciki. Shiru.

A kwana na goma sha biyu Inna ta fito da akwatin Adawiyya tsakar gida da rana tsaka, ga mata cike da gida. "Tahi gidanku. In na ga fuskarki, dutsen nan nake gani."

A Dudunni ana tsakiyar girbin dawa. Ta tarar da mahaifinta, Malam Ɗanmaliki, a gindin rumbu shi da yayanta Ashiru suna ɗaurin dami. Mahaifiyarta ta rasu tun tana ƙarama, don haka a gabansu ta zube ta kwashe labarin duka. Ashiru ya yi jifa da igiyar hannunsa.

"Baba, ka ji ko? Gurgu kuma maƙaryaci! Wallahi gobe zan tahi Kankia in tona mashi asiri, a raba auren nan kowa ya huta!"

"Zauna," in ji Malam. Ya daɗe yana kallon ƙafafun 'yarsa. "Na yarda da ke, ɗiyata, ban taɓa kama ki da ƙarya ba. Amma maganar nan in ba daga bakinshi ta hito ba, ƙarya ce a kunnen uwarshi, ko mu dubu muka hwaɗa. Ke mi kike so? In rabuwa ce, in shige maki gaba."

Ta share hawaye da bakin hijabi. "Baba, ina jin haushinshi har ba na iya cin abinci. Amma in na rufe ido, shi nake gani kwance ba mai juya shi."

"To, ki yi haƙuri mu ga abin da Allah zai yi."

Haƙurin bai zo da sauƙi ba. Aka gama dawa, aka rore wake, gonaki suka koma fili, shanun makiyaya suka shigo kiwon kara. In ta je famfo ɗibar ruwa, zance ya mutu har sai ta ɗauki bokitinta. Wata ma a gabanta ta ce, "'Yan matan yanzu, daga an kai su birni sai son hoto." Ta kira wayar Sagir, Karima ce ke ɗauka ta kashe. Ta rubuta yadda ake juya shi da wanke masa baya a takarda, ta haɗa da man shanu ta ba wani direban Kankia, washegari aka maido mata ledar yadda ta ɗaure ta. Sau ɗaya tak saƙo ya shigo daga lambarsa: *Ki yi haƙuri.* Ta karanta, ta kife wayar, ta shiga bayan rumbu ta yi kuka mai isarta. Ta rame har awarwaronta na zamewa zuwa gwiwar hannu. Duk mako Ashiru sai ya tayar da zancen zuwa gaban alƙali, ita kuma ta ce a ƙara mata lokaci.

Wata biyar cur. Da zafin bazara ya kankama sai ga aike daga Kankia: a zo a karɓi takardar saki.

Da hantsi suka isa, ita da mahaifinta. An fito da Sagir ƙarƙashin rumfa a keken guragu. Da ƙyar ta gane shi. Wuyansa ya zama siriri, gashi ya cika masa fuska, ga warin ciwo na tashi duk da turaren da aka kunna. Bai iya ɗaga ido ya dube ta ba.

Bayan gaisuwa Inna ta ce, "Malam, ba mu da abin cewa da kai, kai mutumin kirki ne. Amma zama ya ƙare." Ta ɗora littafi da biro a cinyar ɗanta. "Rubuta, Auta."

Ya riƙe biron. Adawiyya kuwa ba takardar take kallo ba. Diddigensa take kallo, inda wani baƙin gyambo ya ci rami, an bar shi yana gugar ƙarfen keken.

"Inna, a ba ni izini in yi magana ɗaya."

"In rantse-rantse za ki yi, riƙe abinki."

"Ba rantsuwa ba ce."

Ta tashi ta ɗauko filo daga kan tabarma, ta durƙusa a gabansa, ta ɗaga ƙafar a hankali ta ɗora yadda diddigen zai rataya bai taɓa komai ba. Ta juya wajen Karima.

"Yaya, haka ake sa mashi. A wanke da ruwan gishiri mai ɗumi safe da yamma, kada a shafa toka ko man zafi. In bayanshi ma haka yake, don Allah a kai shi asibiti Katsina cikin satin nan, ciwon nan yana kisa." Sannan ta dubi mijinta. "Yaya Sagir, rubuta. In fitata ce za ta sa hankalin Inna ya kwanta a kula da kai, rubuta. Abin da ke tsakanina da kai kuma, na bar shi a nan. Ba zan kai ka ƙara gaban Allah ba."

Biron ya faɗi ƙasa. Wani irin kuka ya ƙwace wa Sagir, irin na babban mutum, mai ban tsoro.

"Ƙarya na yi! Inna, ƙarya na yi maki!"

"Auta, mi kake..."

"Ni na sayo mata takalmi! Sau uku tana tuna mani alkawarin da na yi maki, har da kukanta, na ce in ba ta zuwa zan tahi in bar ta. A saman ma ta roƙe ni da girman Allah kada in ƙetare, na ƙetare don a ɗauke ni hoto. Hoto, Inna! Ita ta sauka ramin ta same ni. Ita ta yi gudu ba takalmi ta kira mutane, ba don ita ba a can zan mutu. Ki kira Kamilu ki tambaye shi. Tsoron bakinki ya sa na ɗora mata, kullum ina cewa gobe zan faɗa, gobe zan faɗa..."

Karima ta toshe baki da mayafi. Inna ta dafa ginshiƙin rumfa ta sulale ta zauna a ƙasa. A hankali ta yi magana.

"Hawan dutsen na yahe maka, ka riga ka biya da ƙahwahunka. Amma ka zauna kana kallo na zalunci marainiya wata shida? Na kore ta gaban mata? Da mi zan tsaya gaban Ubangiji, Auta?"

Malam Ɗanmaliki ya miƙe ya kaɗe rigarsa. "Alhamdu lillahi. Abin da na zo ji ke nan. Tashi mu tahi, Adawiyya."

"Malam, ka bar ta mana..." in ji Karima cikin kuka.

"A'a. Da rana tsaka aka hitar da akwatinta a gaban jama'a. In ana son ta, an san hanyar Dudunni. Yaron nan dai a kai shi asibiti yau, kada a kai gobe."

A ranar aka kai shi. Kwana uku bayan haka mota ta tsaya a ƙofar gidan Malam, Inna ta fito da Karima da mata huɗu daga cikin waɗanda aka yi korar a gabansu. Tsohuwar ba ta tsaya a zaure ba, ta wuce har inda Adawiyya ke surfe, ta fara ƙoƙarin durƙusawa. Adawiyya ta saki taɓarya ta tare ta.

"Subhanallahi! Inna, kada ki yi mani haka!"

"Bar ni, ɗiyata. Ni na kore ki, ni zan roƙe ki. Ki yahe mani don Allah."

"Na yafe, Inna. Abin da aka faɗa maki kika yi aiki da shi."

Matan Dudunni na leƙe ta kan danga, kuma kafin la'asar babu gidan da labarin bai shiga ba. Ashiru ne da kansa ya ɗora akwatin a mota, yana ƙunƙuni.

A gadon asibiti ta same shi, an yanke ruɓaɓɓen naman bayansa. Ya kama hannunta. "Kin yafe mani da gaske?"

"Na yafe. Amma ba zan ɓoye maka ba, Yaya, ranar da ka juya fuska bango ka ce ni ce, za ta daɗe ba ta bar raina ba. Sai ka yi haƙuri da ni kamar yadda na yi da kai."

"Zan yi," ya ce. Kuma ya yi.

Gyambon ya ci wata uku kafin ya rufe. Daga nan aka shiga gashin ƙashi, sau biyu a wata suna hawa motar Katsina, ita da Inna suna tallafe da shi. Akwai ranakun da zai yi jifa da sanda ya ce ya gaji, akwai ranakun da ita ma za ta shige ɗaki ta ƙi magana da kowa. Shekara ɗaya da wata biyu bayan dawowarta, wata safiya ya dafa kafaɗarta ya miƙe, ya taka taku huɗu daga bakin ɗaki zuwa randa. Inna ta yi guɗa har maƙwabta suka shigo a guje.

Ƙafar hagu ba ta dawo ba, har yau da sanda yake tafiya, aikin Abuja kuma ya tafi. Ya buɗe ɗan shagon kayan sola a bakin titin Kano zuwa Katsina, yana zaune yana haɗawa yana koya wa masu saye. Da Allah ya ba su 'ya mace aka sa mata Jannat, kuma a ranar suna Inna ta riƙe hannun Adawiyya a gaban taron mata ta ce, "Ku shaida, wannan ba suruka ba ce. Ɗiya ce Allah ya ba ni, na kusa yar da ita da hannuna."

Ya ku matasa, Sagir ya saɓa wa mahaifiyarsa don abin da bai kai ya kawo ba, ya rasa ƙafa. Amma ƙaryar da ya yi don tsoro ta fi faɗuwar ɓarna, don ita ce ta mai da uwa azzaluma, ta raba shi da mai jinyarsa har jikinsa ya fara ruɓewa. In kun yi kuskure ku faɗa tun da zafinsa, kada ku bari wani ya ɗaukar muku. Iyaye kuma a riƙa bincike kafin a yanke hukunci, ko da ɗan cikinku ne ya kawo zancen. Ita kuwa Adawiyya ba ta rama ba, ba ta tsine ba, ba ta kuma daina faɗin gaskiya ba a inda za a saurare ta. Ta jira cikin ɗaci, har Allah ya wanke ta da bakin wanda ya ɓata ta.